Yadda Abubakar Imam Ya Musuluntar Da Akun Hindu

A wannan fitowa filinmu na mazan jiya zai sauka a kan Alhaji Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Da wuya a sami ɗaya a cikinmu, ko daga Anka ya fito, ko Gummi, ko Bukkuyum, ko wani gari can nesa, wanda bai taɓa jin labarin Waziri Aku ko Malam Zurƙe ɗan Muhamman ba. Wasu a firamare suka karanta, wasu don jarrabawa, wasu kuma a rediyo suka ji ana karantawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akun nan da muke yi wa kallon ɗan gida, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Hindu ce, wato Indiya, kuma a can inda ya fito yana ɗauke da aƙidar da ba tamu ba. Yadda Imam ya karɓe shi, ya yi masa wankan shiga Musulunci, ya naɗa masa rawani, shi nake so mu duba tare, don akwai darasi ga duk mai sha'awar rubutu ko harkar fim a cikinmu.

Daga Kagara Zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Lokacin nan shekara takwas ke nan da Turawa suka ci Sakkwato, mutane suna ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga hannun Nasara, musamman makarantarsu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka yaron ya buɗe ido cikin allo da littattafan Larabci. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda yake koyarwa a Katsina, shi ya ɗauke shi ya sa shi boko. A 1927 Imam ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Ya kamata mu san irin garin da ya taso a ciki. Katsina tsohon gidan ilimi ne, har da abin da malamai ke kira ilimin asirai, wato hatimi da hisabi da sanin taurari. Tun ƙarni biyu kafin Imam, wani malamin Katsina, Muhammadu al-Kashinawi, ya yi suna a Misira saboda littattafansa a kan hatimi da lissafinsa, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741. Don haka zancen aljannu da laya da duba ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya girma a Katsina. Ya ji su a zauren malamai, ya ji su a tatsuniyar tsofaffi, ya karanta su cikin Alfu Laila, wato Dare Dubu Da Ɗaya. Ga kuma Turanci ya buɗe masa wata ƙofa. Wanga haɗi na allo da tatsuniya da boko shi ne jarin da ya shiga kasuwar rubutu da shi.

Gasar 1933

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Kafin nan malamanmu sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da littattafan addini da ajami da Larabci, amma a zauna a ƙirƙiri dogon labari a rubuta, wasu na ganin wannan aikin banza ne, tatsuniya ce ta mata da yara. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ku duba fa, gida ɗaya ya fitar da biyu cikin biyar, kuma dukansu biyun sun kai jarumansu duniyar aljannu. Imam yana da shekara 22 kacal. Wasunmu da ke HND yanzu sun girme shi a lokacin.

Ruwan Bagaja labari ne na neman magani. Ɗan Sarki ba shi da lafiya, liman ya ce da za a sami ruwan bagaja da ya warke, aka yi masa ba'a a fada. Sai Alhaji Imam, wanda limamin ya riƙa, ya ɗaura ɗamarar nemo ruwan don ya wanke wannan wulaƙanci. Ya yi shekara da shekaru yana yawo gari-gari, yana karo da Malam Zurƙe, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama, har ya kai ƙasar Irami inda ruwan yake a hannun aljannu.

Wannan ruwa mai warkarwa da ke ɓoye a ƙarshen duniya tsohon zance ne, al'ummomi da yawa suna da irinsa. A ƙissoshin Musulmi akwai ruwan rai da ake dangantawa da Halliru da Zulƙarnaini, kuma Sufaye sukan fassara shi da sanin Allah, wanda ba a kaiwa gare shi sai da doguwar tafiya da jagorancin shehi. Jamusawa suna da tatsuniyarsa cikin tarin 'yan'uwan nan biyu, Grimm. Mabiya addinin Hindu kuma suna da amrita, abin shan da suka ce allolinsu da shaiɗanu sun kaɗa teku kamar yadda ake kaɗa nono kafin su same shi. Masu nazari sun nuna cewa Imam ya amfana da tatsuniyar Grimm, haka kuma wasan ɓuya da ke tsakanin Alhaji da Zurƙe ya yi kama da na Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran ilimi suke karantawa a zaure har gobe. Amma ku lura da abin da ya yi da ruwan. A wurin wasu, mai shan ruwan nan ba ya mutuwa. A wurin Imam magani ne kawai, yaro ya sha ya tashi, mutuwa kuwa tana nan tana jiran kowa. Bai bari labari ya tsallake iyakar tauhidi ba.

Wani abu kuma, littafin cike yake da dariya a kan masu fakewa da malanta suna damfarar mutane. Jarumin kansa ba wani malamin kirki ba ne, wayo ne ke fitar da shi. Wanda ya karanta da hankali zai fito yana jin daɗin labarin aljannu, amma yana taka-tsantsan da duk wanda ya zo masa da babban rawani yana cewa yana da asiri.

Tafiyar Aku Daga Indiya

East ya ga hazaƙar yaron, sai ya roƙi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya zauna wajen wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da na ƙasashen gabas, ya duƙufa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A nan ne akun namu ya shigo.

Mu koma asalinsa. A Indiya akwai wani tsohon littafi da harshen Sanskrit mai suna Shuka Saptati, ma'ana labarai saba'in na aku. Wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa da aku. Kullum dare in ta yi ado za ta fita wajen kwarto, sai akun ya ja ta da labari har gari ya waye, haka har mijin ya dawo. To amma akun can ba tsuntsu ba ne na gaske. A aƙidar masu littafin, wani ne daga cikin halittun sama da aka yi wa baki, ransa ya shiga jikin tsuntsu, kuma da ya gama aikinsa sai la'anar ta warware, ya koma mazaunin alloli. Wannan ya tsaya ne a kan imanin mabiya Hindu cewa rai yana iya barin wani jiki ya sake dawowa cikin wani, gwargwadon aikin da ya yi. Duk mai kallon fina-finan Indiya ya san wannan zance. Shi ne a Karan Arjun na 1995, inda aka kashe 'yan'uwa biyu aka sake haihuwarsu, kuma danginsa ne a Nagina na 1986, inda macijiya ta zama mace.

Wajen shekarar 1330 wani Basufe likita mai suna Nakhshabi, mazaunin garin Badaun a arewacin Indiya, ya mayar da littafin zuwa Farisanci, ya rage labaran zuwa 52, ya kira shi Tutinama. Wannan ba shi ne karo na farko da hikayar Indiya ta bi wannan hanya ba. Kalila Wa Dimna da ke hannun malamanmu asalinsa Panchatantra ne na Indiya, ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen shekarar 750. Ashe tun kafin silima, tun kafin fassarar Algaita, labaran Indiya suna shigo mana, cikin gafakar malamai.

Yanzu ku ajiye Tutinama gefe guda, ku ajiye littafi na ɗaya na Magana Jari Ce a ɗaya gefen. A can akun ya nuna darajarsa ta hanyar faɗin zuwan wani ayari kafin ya iso, a nan ma haka. A can akwai tsuntsuwa ta biyu da ta faɗi gaskiya gatsal aka kashe ta, a nan ma Musa ya kashe macen akun saboda ta hana shi fita. A can aku ya ga abin da ya sami abokiyarsa ya gane cewa gaskiya tana son dabara, a nan ma haka. Ƙashin bayan ɗaya ne, ba musu.

Amma dubi abin da Imam ya sauya. Matar da ke son fita wajen kwarto ta zama Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda ke son ya saci jiki ya bi Mahmudu wajen yaƙi, alhali mugun Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Da wannan sauyi guda ɗaya, littafin da ba za ka iya karantawa gaban iyayenka ba ya zama littafin da ake ba ɗan firamare. Zancen sha'awa ya koma zancen amana da mulki da biyayya ga iyaye. Sannan ya cire maganar la'ana da sake haihuwa ɗungurungum. Akunsa tsuntsu ne da aka saya a hannun wani Balarabe, yana ambaton Allah, yana zuba karin magana kamar tsohon bafade. Sakamakonsa kuma ba tashi zuwa sama ba ne: sarauta aka ba shi, ya zama Waziri. A littafi na biyu ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Ni a ganina nan ne zuciyar aikin take. Abin da ya ceci Musa, ya ceci sarauta, iya magana ne da sanin lokacin yin ta, kuma abu ne da uba zai iya koya wa ɗansa, ɗan talaka ma ya iya koyo. Sunan littafin kansa ya faɗi haka.

Akwai masu cewa ai wannan kwafi ne, mi ya raba shi da 'yan fim ɗinmu da ake zagi kullum a kan satar labarin Indiya? Tambaya ce mai kyau, kuma na sha jin ta a ɗakin kwana da wajen mai shayi. Gaskiya ne labarai da yawa cikin Magana Jari Ce an gano tushensu a Alfu Laila da Grimm da Kalila Wa Dimna da wasu littattafai. Gaskiya ne kuma littafin bai jera wa mai karatu inda aka samo kowane labari ba, abin da a yau malamin da ke duba firojet ɗinka ba zai yarda da shi ba. Wannan kam sai mu ce zamaninsu daban, namu daban, kada wani ya kafa hujja da shi. Amma aro iri biyu ne. Akwai mai aron riga ya saka yadda take, hannu ya yi masa tsawo, kowa ya gane ba tasa ba ce. Akwai mai sayen yadi ya kai wa tela a ɗinka daidai jikinsa. Shekara tamanin da wani abu Hausawa suna karanta littafin nan, mafi yawansu ba su taɓa zargin akun baƙo ne ba. Wannan ya ishe mu shaida.

Edita Da Ɗan Siyasa

Rayuwar Imam ba ta tsaya a aljannu da tsuntsaye ba. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Lokacin ana gab da Yaƙin Duniya Na Biyu ne, ji-ta-ji-ta ta cika gari, jaridar ta zama inda mai karatun boko a Gusau ko Anka yake jin abin da duniya ke ciki da harshensa. Irin Hausar da ya yi amfani da ita a jaridar da littattafansa ta taimaka ƙwarai wajen kafa daidaitacciyar Hausar da muke rubutawa yau, ko da yake mu nan yamma mun san bakinmu ya sha bamban da ita.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, Baturen da ya ci ƙasar nan, ya bayyana masa damuwar matasan Arewa masu ilimi a kan yadda ake tafiyar da mulki. Bai sa hannu a takardar neman 'yanci da Azikiwe ya shirya ba, don yana ganin Arewa na baya a ilimin zamani, abin da har yau masana tarihi ke muhawara a kai. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC, an kuma zaɓe shi ɗan majalisa a 1951. Bai daɗe ba ya bar siyasa ya koma harkar littattafai, daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, ya kuma riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Ya rubuta littattafan addini, cikinsu har da tarihin Annabi (SAW). Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa wanda Abdurrahman Mora ya tsara.

Akwai littafi ɗaya da nake so mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha mu riƙe sunansa, wato Ikon Allah, wanda ya rubuta tare da East don bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa. Mutumin da ya kai mu ƙasar aljannu shi ne dai ya zauna yana bayyana wa Bahaushe yadda duniyar zahiri take aiki. Ya san inda labari ya ƙare da inda bincike ya fara.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu mutanen Adabka mun san muhimmancin wannan iyaka fiye da kowa. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ga kuma Bagega da aka daɗe ana fama kafin a share ta. Abin da ya gano cutar gwajin jini ne da gwajin ƙasa. Abin da ya rage ta kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne da maganin asibiti. Kuma duk wannan bai yi amfani ba sai da aka sami masu yi wa iyaye bayani da Hausar da za su gane. Wallahi wannan aikin irin na Imam ne, kuma mu ne ya kamata mu gaje shi, mu da ke shiga ɗakin gwaje-gwaje kullum.

Yau littattafan yaƙi da na aljannu sun cika wayoyinmu, ana karanta su a YouTube, ana tura su a WhatsApp. Wasu suna da daɗi ƙwarai, ni ma ina saurare. Amma a wasu za ka tarar an kwaso boka da tsafi da sake haihuwa daga fim ɗin Indiya an zuba yadda suke, har mai sauraro ya fara ɗauka cewa nasara a rayuwa tana hannun mai zobe ko mai ƙwarya. Daga nan kuma sai ka ga talla a intanet, wai ana sayar da asirin Hindu na farin jini ko na cin jarrabawa, ɗalibi ya kwashi kuɗin abincinsa ya tura. Ba na cewa a daina rubuta labarin aljannu. Imam ya rubuta, kuma babu wanda ya fi shi. Abin da nake cewa, in za ka ɗauko labarin wasu mutane, ka fara sanin aƙidar da ke ƙarƙashinsa, ka san abin da za ka riƙe da abin da za ka bar musu, sannan ka faɗi inda ka samo.

Shawarata ga kowa a wannan hutu, a nemi Magana Jari Ce littafi na ɗaya a sake karantawa, yanzu da aka san inda akun ya fito. Mai sha'awar rubutu kuma ya gwada hannunsa, ya ɗauki labari ɗaya da ya gani a fim ko ya karanta da Turanci, ya zaunar da shi a Gummi ko Nasarawar Burkullu, ya aiko wa wannan mujalla mu gani. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa, ya ba mu ikon amfani da abin da ya bari. Amin.